Ruwan dam ɗinmu ya yi duhu da wari cikin hunturu: guba ce ko juyawar ruwa?

Mai_Birgi:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masunta da masu ilimin ruwa da ke cikin wannan zaure. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kamun kifi a dam ɗin garinmu. A makon jiya, bayan an yi dare uku ana tsananin sanyi da iska, muka fito da asuba muka tarar ruwan da muka bari garau ya yi duhu kamar an jiƙa sassaƙe a ciki, yana kuma tashin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Karfasa sun taso saman ruwa suna buɗe baki, wasu manya daga cikinsu sun riga sun mutu. Tun daga ranar kallinmu, wato ragar da muke saki ta kwana a ruwa, bai kama abin kirki ba. Mutanen gari sun ce guba aka zuba, har an fara zargin wasu baƙin masunta da suka sauka a bakin ruwa, amma wani malamin makaranta ya ce ba haka ba ne, ruwan ne ya juya, na ƙasa ya hau sama. Ni dai ban taɓa jin cewa ruwan da ba ya gudu yana juyawa da kansa ba. Ina neman wanda zai fahimtar da ni, ya kuma gaya mini tsawon lokacin da kifi kan ɗauka kafin ya dawo.

Ɗan_Yauri:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Birgi, malamin nan gaskiya ya gaya muku. Mu da ke kan tafkin Kainji mun san wannan tun muna yara, ko da yake ba mu da sunan da 'yan boko suka ba shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, cewa yake ruwa ya yi amai. Kada ku bari a taɓa baƙin nan kafin a bincika.

Kallin_Dare:
Ni ban yarda ba. Duk lokacin da na ga kifi ya taso haka, idan aka bi sawu sai a tarar wani ne ya zuba gamalin, gubar nan ta kashe ƙwari, da dare. Sanyi kowace shekara ake yinsa, me ya sa kifi bai mutu bara ba?

Malamar_Kimiyya:
Tambayar Malam Kallin Dare tana da ma'ana, kuma zan dawo kanta, amma bari in fara da yadda abin yake faruwa. Ruwan ɗumi ya fi ruwan sanyi rashin nauyi. A cikin bazara rana tana dafa ruwan sama, wato wanda ke saman tafki, sai ya kwanta a kan ruwan ƙasa mai sanyi kamar yadda mai yake kwanciya a kan miya, ta yadda tafki mai zurfi yakan rabu hawa biyu da wani shamaki a tsakani, kuma iska ba ta iya cuɗa su. Ruwan sama yana samun iskar oksijin daga sarari da kuma daga ƙananan tsirran da ke cikinsa. Na ƙasa ba ya samu, ga shi kuma duk wani ganye da kashin dabbobi da mataccen abu can yake gangarawa ya ruɓe, ruɓewar kuwa oksijin take ci. Idan aka yi watanni a haka sai iskar ta ƙare a ƙasa ƙaf, wata iska mai sinadarin farar wuta ta taru, wadda ita ce mai warin ƙwan da kuka ji. Da hunturu ya kama, sanyin dare da busasshiyar iska suna sanyaya ruwan sama har ya yi nauyi daidai da na ƙasa ko ya fi shi, sai ya nutse, iska ta ƙarasa aikin, ruwan duka ya gauraye. Idan ruwan ƙasa mara iska yana da yawa, gaurayawar takan rage oksijin a ko'ina a lokaci guda, kifi ya rasa inda zai gudu.

Amsar tambayar bara kuwa ita ce, ba kowace juyawa ce ke kashe kifi ba. Idan sanyi ya shigo a hankali, shamakin yakan riƙa sauka kaɗan-kaɗan cikin makonni ba tare da kowa ya lura ba. Wadda ke yin ɓarna ita ce ta farat ɗaya, irin wadda Malam Mai Birgi ya kwatanta, dare uku na sanyi da iska a jere.

Mai_Birgi:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. To amma ta yaya za mu bambanta wannan da guba, tunda dukansu kifi ne ke tasowa?

Mai_Gonar_Tarwaɗa:
Ranka ya daɗe, akwai alamomin da muke dubawa a gona, kuma suna aiki a dam. Idan ƙarancin iska ne, abin da asuba yake tsananta, domin tsirran ruwa ba sa samar da oksijin da dare, kuma da rana ta ɗaga sai ka ga kifin da bai mutu ba ya koma ƙasa. Manyan kifi ne ke fara mutuwa, ƙananan su tsira. Tarwaɗa kuwa ba ta cika damuwa ba, saboda tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, haka nan gaiwa, ita ma tana shaƙar iskar sarari. Idan guba ce, ƙananan kifi ne ke fara faɗuwa, ba ta zaɓar sa'a, kifin yakan riƙa jujjuyawa kamar mai farfaɗiya, kuma za ka ga kwaɗi da ƙwarin ruwa su ma sun mutu, sau da yawa a kusurwa ɗaya ta ruwan inda aka zuba ta. Ka gaya mana abin da ka gani da idonka.

Mai_Birgi:
Kwaɗi suna nan suna kukansu, kuma ban ga tarwaɗa ko ɗaya a cikin matattun ba. Manyan karfasa ne da ragon ruwa guda biyu. Abin kuma ya fi yawa ta wajen bangon dam, inda ruwan ya fi zurfi.

Kallin_Dare:
To, wannan kam bai yi kama da gamalin ba, na janye maganata a kan dam ɗinku. Sai dai ina nan a kan bakata cewa masu zuba guba sun fara fakewa da wannan bayani a wasu wurare.

Ɗan_Baga:
Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na girma a bakin tafkin Chadi, na yi su daga Doron Baga har tsibiran da ke cikin ƙasar Chadi, kuma sanyin hunturun can ba wasa ba ne, amma ban taɓa ganin ruwa ya juya kamar yadda kuke faɗa ba. Idan sanyi ne ke jawo shi, ai mu ya kamata mu fi kowa saninsa.

Malamar_Kimiyya:
Baba Ɗan Baga, zurfi ne ya raba ku da su. Tafkin Chadi faɗi gare shi, amma a yawancin wurare zurfinsa bai wuce mita biyu zuwa uku ba, don haka iska tana cuɗa shi har ƙasa kusan kullum, ba ya samun damar kwanciya hawa biyu na tsawon watanni. Kainji kuwa, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, zurfinsa ya kai kusan mita 60 a kusa da bango. Inda za a iya ganin ƙarancin iska a Chadi shi ne cikin duhun ciyayi, inda ruwa ya tsaya ganye yana ruɓewa, kuma wannan wata matsala ce daban.

Ɗan_Baga:
Haka ne, cikin ciyayi mun sha ganin ruwa ya yi baƙi, ba abin da ke rayuwa a ciki sai tarwaɗa da gaiwa.

Bakano_a_Minesota:
Bari in kawo muku labarin inda wannan magana ta fi shahara. Ina zaune a jihar Minesota ta Amurka, wadda suke wa laƙabi da ƙasar tafkuna dubu goma, kuma a nan duk mai riƙe fatsa ya san juyawar tafki kamar yadda manomi ya san faɗuwar damina. Tafkunansu masu zurfi sau biyu suke juyawa a shekara. Dalili shi ne ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, idan ya fi haka sanyi sai ya sake yin sauƙi, shi ya sa ƙanƙara take yawo a sama maimakon ta nutse. A wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ruwan sama yana hucewa ya nutse, tafki ya gauraye. Daga nan ƙanƙara ta rufe shi, ruwan da ke ƙarƙashinta ya kwanta, na can ƙasa yana digiri 4, mutane su haƙa rami a kan ƙanƙarar suna kamun kifi. Idan ta narke a wajen Afrilu ko farkon Mayu sai ya sake juyawa.

Abin da ya shafi tambayarka, Malam Mai Birgi, shi ne abin da masu fatsa na nan suke faɗa game da juyawar Oktoba. Kafin ta zo sun san inda kifi yake, domin ba ya sauka ƙasa da shamakin da Malama ta ambata, kuma suna da na'urar da ke nuna musu zurfin a allo. Da ruwa ya juya sai ya yi gurɓi, tarkacen ƙasa ya taso yana maƙalewa a zare, kifi ya watse daga sama har ƙasa tunda yanzu ko'ina akwai iska. Kwanaki kaɗan zuwa mako ɗaya ko biyu kamu yakan yi wuya, har wasu su bar babban tafki su koma kogi ko ƙaramin tafki mara zurfi wanda ba ya juyawa. Da ruwa ya washe sai kamu ya dawo, sau da yawa ma ya fi na da kyau, sai dai a wurare masu zurfi da a baya babu kifi. Na taɓa bin wani maƙwabcina a irin wannan mako muka yini a jirgi cikin sanyi muka dawo da kifi biyu, shi yana dariya, ni kuwa na rantse ba zan ƙara ba sai ruwa ya kwanta.

Injiniyan_Ruwa:
Bayanin ɗan'uwanmu na Amurka daidai ne, amma kada a ɗauko kalandarsu a ɗora a kan ruwanmu. Mu ruwanmu ba ya kusantar digiri 4, kuma bambancin zafin sama da na ƙasa a madatsun ruwanmu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da nasu. Wani zai ce to yaya ɗan wannan bambanci zai raba ruwa biyu? Amsar ita ce a ruwa mai ɗumi kowane digiri ɗaya yana canza nauyi sosai: bambancin nauyin ruwa tsakanin digiri 29 da 30 ya ninka wanda ke tsakanin digiri 4 da 5 fiye da sau talatin. Saboda haka digiri uku ko huɗu sun isa su kafa shamaki. Ga kuma wata matsala tamu: ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa, domin lita ɗaya a digiri 30 abin da take iya ɗauka kusan miligiram 7.5 ne, alhali a kusa da daskarewa ya haura 14, kuma ruɓewa ta fi sauri a cikin zafi. Shi ya sa ruwan ƙasa yake saurin mutuwa a wajenmu, juyawarsa kuma ta fi haɗari ga kifi. Mu abin da ke karya shamakin shi ne hunturu, ko guguwar farkon damina, ko shigowar ambaliya mai sanyi.

Ɗan_Yauri:
Injiniya ya taɓo abin da nake so in faɗa. A Kainji ba sanyi kaɗai ke mulkin ruwa ba, ambaliya biyu muke da su. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da damina ɗauke da laka daga kogunan da ke kusa, irin su gulbin Sakkwato, sannan akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa fadamun Mali a hankali ya zubar da lakarsa, ya iso mana cikin hunturu yana garau. Lokacin da ruwa ya fi kwanciya hawa biyu shi ne bazara, kuma masunci ba ya bukatar na'ura kafin ya sani. Idan ka yi nutso za ka ji ƙafarka ta shiga wani ruwa mai sanyi alhali kafaɗarka tana cikin ɗumi. Idan ka saki kalli ko mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi, ya wuce wannan iyaka, ko dai ka ɗago shi wayam, ko ka tarar kifin da ya kama ya mutu ya fara laushi kafin gari ya waye. Don haka a bazara mukan rage tsawon igiyar gora, mu bar kalli yana rataye a sama, mu kuma bi bakin gaɓa da bakunan rafuka. Da ruwa ya gauraye sai mu saki igiya, ƙurungu da ragon ruwa su fara fitowa daga zurfin da a baya babu komai.

Malam Mai Birgi, shawarata ita ce ka bar wajen bango na 'yan kwanaki, ka koma inda rafi ke shigowa dam ɗin, ko gefen da iska ke kaɗa ruwa, domin can kifin da ya tsira yake taruwa.

Uwar_Banda:
Ni mai saye ce ina ƙyafewa, kuma tambayata a kan kifin da ya taso ne. Yara sukan kwaso shi su kawo mana da araha. Ya halatta a ci, kuma babu illa?

Almajirin_Zaure:
Hajiya, a mazhabar Malikiyya da muke bi mushen kifi halal ne, ko da a saman ruwa aka tsince shi, Hanafawa ne suka hana wanda ya mutu da kansa ya taso. Sai dai halacci bai ɗauke sharaɗin rashin cutarwa ba.

Mai_Gonar_Tarwaɗa:
Hajiya, wanda aka kama yana haki da ransa lafiyarsa lau, idan an tabbata ƙarancin iska ne ya taso da shi. Wanda ya kwana a mace kuwa, idonsa ya dushe, cikinsa ya kumbura, jikinsa ya yi laushi, hayaƙi ba zai gyara shi ba. Idan kuma ana kokwanton guba, kada ki saya ko kyauta ne. Mu ma a tafkin ƙasa muna gamuwa da irin wannan juyawa a ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi na farko bayan zafin bazara, kuma abin da muke yi shi ne mu dakatar da abinci, mu kunna famfo ya riƙa watsa ruwa sama.

Na_Garwa:
Tunda ana maganar ruwan ƙasa ya hau sama, mu 'yan Kamaru ba za mu manta da tafkin Nyos ba. A daren 21 ga Agusta 1986 iska ta fito daga cikinsa ta kashe mutum 1,746 da dabbobi dubbai a ƙauyukan da ke kewaye, kuma shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe mutum 37. Shin irin wannan zai iya faruwa a dam kamar Lagdo ko na garin Malam Mai Birgi?

Injiniyan_Ruwa:
Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba iri ɗaya ba ne. Nyos a bakin tsohon dutse mai aman wuta yake, zurfinsa ya haura mita 200, kuma iskar kabon tana tsattsafowa cikinsa daga ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya jawo bala'in ma shi ne rashin juyawarsa: ruwan ƙasa ya shekara da shekaru a kwance yana tara iskar har ranar da ta fashe gaba ɗaya. Tun 2001 aka fara kafa bututu da ke fitar da ita a hankali. Dam ɗin da ke gaurayewa kowace shekara yana zubar da abin da ya tara kafin ya yi yawa, kuma babu dutse mai aman wuta a ƙarƙashinsa.

Zangon_Yeji:
Ina gaishe ku daga Gana. A tafkin Bolta, wanda madatsar Akosombo ta haifar a 1965, muna ganin ruwa ya canza sau biyu, cikin hunturu da kuma tsakiyar damina lokacin da gari ya yi lumshi da sanyi. Masu kamun kifi ba su cika jin jiki ba, domin kifin sake yana iya gudu. Waɗanda hankalinsu ke tashi su ne masu kiwon karfasa a keji, saboda kifin da ke cikin raga ba shi da inda za shi idan mataccen ruwa ya taso masa, ga shi kuma ragowar abinci da kashin kifin suna taruwa a ƙarƙashin kejin suna ƙara cin iskar ƙasa. Duk wanda ke shirin kafa keji a madatsun ruwan Arewa ya fara tambayar masuntan wurin watan da ruwa ke yin wari.

Kallin_Dare:
Ina so in mayar da mu kan batun kamu, domin ina ganin ana ɗora wa juyawar nan laifin da ba nata ba. Kowace shekara kamu yana raguwa cikin hunturu ko ruwa ya yi wari ko bai yi ba. Karfasa ba ta son sanyi, takan rage cin abinci ta lafe, kifin da ba ya yawo kuwa ba ya faɗa wa kalli. Iska tana hana ƙaramin jirgi fita, masunci ma kansa ba ya son shiga ruwa da asuba. Ga farin wata, ga hawa da saukar ruwa idan an buɗe dam don noman rani. Yaya za a ware a ce wannan kason na juyawa ne?

Malamar_Kimiyya:
Ban musa maka ba, Malam, karfasa tana rage ci sosai idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, kuma abubuwan da ka lissafa duk suna haɗuwa a wata ɗaya. Amma akwai abin da juyawa kaɗai ke yi. Ruwan ƙasa ya tara takin duk abin da ya ruɓe, idan ya hau sama ya haɗu da rana sai ruwan ya yi kore bayan wasu makonni, ƙananan halittu su yawaita, ƙananan kifi irin su warangi da kawara su samu abinci, tsage da giwan ruwa su biyo su. A tafkin Tanganyika na gabashin Afirka, wanda zurfinsa ya kai mita 1,470 kuma ƙasansa ba ya taɓa gaurayewa, iskar da ke kaɗawa daga Mayu zuwa Satumba ita ce ke tura ruwa mai taki sama a kudancinsa, kuma kamun ƙananan kifin da mutanen yankin suka dogara da shi yana da alaƙa da wannan.

Ɗan_Yauri:
Malama, batun koren ruwa na gani da idona, amma a wajenmu ni na fi danganta ƙaruwar kifi da cikar tafki, lokacin da ruwa ya hau kan ciyawar gaɓa kifi ya samu wurin ƙwai da abinci. Shekarar da ruwa bai cika ba, ko ya juya sau nawa kamu ba ya daɗi.

Mai_Birgi:
Na gode muku duka. Na kai wa sarkin ruwanmu bayanin kwaɗi da tarwaɗa, ya tara mutane ya ce a ƙyale baƙin nan, ko da yake akwai waɗanda har yanzu ba su gamsu ba. Yau kwana tara ke nan, warin ya tafi, ruwan ya fara washewa amma bai koma yadda yake ba. Na bi shawarar Baba Ɗan Yauri na koma bakin rafi da birgi, ragar da ake jefawa da hannu, na samu abin miya da ɗan na kasuwa, kallin da na bari a zurfi kuwa ƙurungu uku kawai ya kama. Waɗanda suka saba da irin wannan, a ƙafa nawa kuke sakin kalli a makonni biyun farko bayan ruwa ya juya?

Ɗan_Yauri:
Babu adadi ɗaya, ɗana, domin kowane ruwa da halinsa. Ka saki kalli uku a zurfi daban-daban a dare guda, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa, ka duba su tun kafin fitowar rana, ka maimaita bayan kwana uku. Ka kuma lura ko kifin na ƙasa da ransa yake fitowa.